Daga Yatsa Zuwa Kunnen Likita: Yadda Ake Bibiyar Sukarin Jinin Tsofaffi a Gidan Kula da Su

Wajen ƙarfe uku na dare, a wani gidan kula da tsofaffi da na taɓa yi wa aiki, aka tarar da wata dattijuwa ta jiƙe sharkaf da gumi, tana sambatu, tana fisgar zanen gado. Mai dutin daren ta ɗauka cutar mantuwarta ce ta motsa, don ta saba yin haka, sai ta gyara mata kwanciya ta wuce. Allah ya sa abokiyar aikinta ta dawo da na'urar gwaji. Sukarin ya nuna 48. Da gari ya waye muka buɗe littafin gwaji, sai ga shi kwana uku a jere sukarinta na asuba yana gangarowa: 92, 81, 74. An gwada a kan lokaci, an rubuta da kyakkyawan rubutu, an sa hannu. Amma ba wanda ya ɗaga waya ya gaya wa likita.

Tun daga ranar na daina lissafa gwajin sukari cikin ayyukan da ke ƙarewa a kan yatsa. Sai lambar ta isa kunnen wanda ke da ikon canza magani sannan aiki ya kammala. Matakan da ke ƙasa na nas-nas ne da mataimakansu, da duk wanda aka ba amanar tsoho mai ciwon sukari. Lambobin sukari duka a ma'aunin mg/dL suke. Idan na'urarku da mmol/L take aiki, ku raba da 18: wato 70 ya zama 3.9, 180 ya zama 10. Inda kuma umarnin likitan mutum ya saɓa da abin da na rubuta, na likita za a bi.

Mataki na farko: takardar umarni tun ranar zuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka karɓi mai ciwon sukari, kafin dare ya yi, ya kamata a samu takarda guda a gaban fayil ɗinsa, likita ya sa mata hannu. A cikinta za a ga nau'in ciwon, na ɗaya ne ko na biyu. Magungunansa da lokutansu. Sau nawa za a gwada shi. Tsakanin wace lamba da wace lamba ake so sukarinsa ya zauna. Lambar da za a kira likita a kanta, ta ƙasa da ta sama. Da wanda za a nema idan likitan bai ɗauki waya ba. Idan yana kan insulin, a haɗa da umarnin allurar glucagon, mai ɗaga sukari cikin gaggawa, tun yanzu, kada sai ya sume a fara neman izini.

Maganar iyakar da ake so ita ce ta fi rikita sababbin ma'aikata, domin an koya musu cewa sukari mai kyau shi ne wanda ya yi kusa da na mai lafiya. Ga tsoho mai rauni ba haka abin yake ba. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka, ADA, ta kasa tsofaffi kashi uku. Mai ƙarfi a jiki, hankalinsa garau, ana nema masa 80 zuwa 130 kafin karin kumallo. Mai cututtuka da yawa ko mantuwa matsakaiciya, 90 zuwa 150. Wanda ya yi rauni ƙwarai, irin waɗanda suka fi yawa a gidajen jinya, 100 zuwa 180 da safe, 110 zuwa 200 lokacin kwanciya. Dalilin a fili yake. Amfanin matse sukari, wato kare ido da ƙoda da jijiyoyi, sai bayan shekaru ake cin moriyarsa. Shi kuwa faɗuwar sukari a daren nan zai iya kayar da mutum ya karye a ƙugu, ko ya birkita bugun zuciyarsa. Don haka idan ka ga 165 a jikin mai shekara 88 da ba ya iya tashi da kansa, kada hankalinka ya tashi. Idan ka ga 85, to wannan ne abin dubawa.

Mataki na biyu: wa za a gwada, kuma yaushe

Ba kowa ke buƙatar huda sau huɗu a rana ba. Wanda ke karɓar insulin da kowane abinci, shi ne ake gwadawa kafin kowane cin abinci da kuma lokacin kwanciya. Mai allura ɗaya mai dogon aiki, sau da yawa gwajin safe ya wadatar, a riƙa ƙarawa da wani lokaci daban jefi-jefi. Wanda metformin kaɗai yake sha kuma sukarinsa a zaune yake, da wuya maganin nan ya faɗar masa da sukari, huda shi kullum azabtarwa ce kawai. Likita ne zai yanke, amma nas na da bakin tambaya: "Likita, wata biyu ke nan lambobin Baba ba su motsa ba, ko za a rage masa gwajin?"

Akwai kuma gwajin da ba ya cikin jadawali, kuma a ganina shi ya fi ceton rai. Duk mai ciwon sukarin da ya faɗi, ko ya rikice farat ɗaya, ko barci ya yi masa nauyi, ko ya ƙi abinci, ko ya yi amai, ko zazzaɓi ya kama shi, a gwada shi nan take ko da awa ɗaya da ta wuce aka gwada shi. Haka idan an fara ba shi prednisolone ko danginsa, domin suna ɗaga sukari, musamman daga rana zuwa yamma, gwajin asuba kuma ba zai nuna ba. Wanda ake ciyarwa ta bututu yana kan insulin, idan bututun ya toshe ko ya fita, insulin ɗin da ke jikinsa bai san an daina ba shi abinci ba. A gwada shi akai-akai, a kira likita.

Mataki na uku: gwajin kansa

Ka yi wa mutum sallama, ka gaya masa abin da za ka yi, ko da kana ganin ba ya fahimta. Ka wanke hannunka, ka sa safar hannu sabuwa. A wanke hannunsa da ruwan ɗumi da sabulu a shanya shi sarai. Wannan ba tsabta kaɗai ba ce: ɗan danƙon 'ya'yan itace da ya rage a yatsa ya isa ya sa na'ura ta nuna lamba mai tsawo ta ƙarya, a yi wa mutum insulin ɗin da ba ya buƙata. Idan da sifirit aka goge, a bari ya bushe tukuna.

Duba kwanan watan da ke jikin robar tsinken gwaji, ka ciri ɗaya ka rufe nan da nan, don laima da zafi na lalata su. A huda gefen kan yatsa, ba tsakiyarsa ba inda ya fi zafi, kuma a riƙa canza yatsa. Idan hannun ya yi sanyi, a murza shi a sauke shi ƙasa na ɗan lokaci, ya fi a matse yatsa da ƙarfi har ruwan tsoka ya gauraya da jini. Allurar hudar a jefa ta a akwatin ƙarafa masu kaifi.

Lambar da ba ta yi kama da mutumin da ke gabanka ba, a sake gwadawa da sabon tsinke a wani yatsa. Amma idan alamun faɗuwar sukari sun bayyana, a fara magani, a yi shakkar daga baya. Ka kuma sani na'urar yatsa tana iya yin kuskure a jikin wanda ruwa ya ƙare masa ƙwarai, ko hawan jininsa ya faɗi, ko yake da ƙarancin jini mai tsanani. Masu ɗauke da na'urar manne a fata, wadda ke auna sukari dare da rana, ruwan ƙarƙashin fata take aunawa, tana kuma zuwa a makare da 'yan mintuna. In ta ce lafiya lau amma mutum yana gumi yana karkarwa, a koma ga yatsa.

Wani abu da ba na sassauci a kansa: alƙalamin huda na mutum ɗaya ne, haka ma alƙalamin insulin, ko da an canza allura. An sha samun ɓarkewar ciwon hanta nau'in B a gidajen tsofaffi ta wannan hanya, har hukumomin lafiya na Amurka, CDC da FDA, suka fitar da gargaɗi a 2010. Ƙwayar cutar na iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ba ya gani. Abin da ya fi shi ne kowa da na'urarsa, da sunansa a jiki. Idan dole sai an yi tarayya, a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta da kamfanin ya amince da shi bayan kowane mutum, a canza safar hannu.

Mataki na huɗu: idan sukari ya faɗi

Ƙasa da 70 faɗuwa ce. Ƙasa da 54 faɗuwa ce mai haɗari. Idan kuwa mutum ya kai ga ba ya iya taimakon kansa, mai tsanani ce ko nawa na'ura ta nuna.

Matsalar tsofaffi ita ce jikinsu ba ya yin ƙara irin na matasa. Karkarwa da bugun zuciya da yunwar da littafi ya lissafa, sau da yawa ba a ganinsu, balle ga mai shan magungunan zuciya irin su atenolol ko propranolol da ke ɓoye su. Abin da za ka gani shi ne jiri, kasala, magana tana harɗewa, faɗa ba dalili, ko shiru da ba a saba ba. Wani ma ɓarin jikinsa ne zai saki, a ɗauka shanyewar jiki ce. Mai cutar mantuwa kuwa ba zai iya cewa komai ba, halinsa ne kawai zai canza.

Idan yana farke kuma yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: ƙwayoyin gulukos 3 ko 4, ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace, kimanin mililita 120, ko babban cokali ɗaya na sukari a ruwa. Lemon da aka rubuta babu sukari a cikinsa ba shi da amfani a nan. Cakulan da duk wani abu mai maiƙo yana jinkirin shiga jini. Mai shan acarbose sai gulukos zalla, domin maganin yana hana sukarin shayi narkewa da wuri. Mai matsalar haɗiya da ake kaurara wa abin sha, a bi tsarinsa, kada garin gyaran sukari ruwa ya faɗa masa huhu. A jira minti 15 a sake gwadawa. Idan har yanzu ƙasa da 70 ne, a maimaita. Da ya hau, a ba shi abincinsa ko wani abu mai riƙe ciki idan lokacin abinci da saura. Kuma kada a bar shi shi kaɗai cikin mintunan nan don a je a ƙarasa rabon magani.

Idan ya sume, ko yana jijjiga, ko ba ya iya haɗiya, kada a sa masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa glucagon, miligiram 1 na allura ko miligiram 3 na fesawa a hanci, a kira motar asibiti. Yakan yi amai bayan ya farfaɗo, shi ya sa kwanciyar gefe take da muhimmanci. Kayan nan duka su kasance a akwati ɗaya, a wuri ɗaya da kowa ya sani, ana duba kwanan watansu. Na taɓa ganin an ɓata minti goma ana neman makullin kabad.

Hawan lamba zuwa 100 ba ya nufin an gama. Ƙwayoyi irin su glibenclamide da glimepiride da gliclazide suna tilasta wa jiki fitar da insulin na sa'o'i masu yawa, kuma idan ƙoda ta yi rauni sun fi daɗewa. Wanda ɗayansu ya faɗar wa da sukari zai iya sake faɗuwa cikin yinin ko washegari. Saboda haka ne jerin magunguna na Beers, wanda Ƙungiyar Likitocin Tsofaffi ta Amurka ke fitarwa, ya ce a guje wa glibenclamide ga tsofaffi. Jerin ya kuma ce a guji tsarin da ba a ba mutum insulin mai dogon aiki, sai dai a riƙa bin kowace lamba da allura mai gajeren aiki. Wannan bin sawu ne bayan ɓarna ta auku, kuma shi ke sa sukari hawa da sauka kamar lilo.

Mataki na biyar: idan ya hau

Lamba ɗaya mai tsawo bayan 'yan uwa sun kawo ziyara da kayan zaƙi ba abin tayar da gida ba ce. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda sukarinsa ya saba zama 150, kwatsam ya koma 280 ya zauna, a nemi dalili: ciwon mafitsara, ciwon huhu, gyambo a ƙafa, sabon magani, allurar da aka tsallake, ko insulin da ya lalace. Insulin da ba a buɗe ba a firij yake zama tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare. Wanda aka buɗe, yawanci kwana 28 ne wa'adinsa, shi ya sa ake rubuta ranar buɗewa a jikinsa.

Abin tsoro ga tsoho shi ne hawan da ke tafiya a hankali tsawon kwanaki, fitsari ya yawaita, ruwan jiki ya ƙafe, shi kuma ƙishirwa ba ta damunsa kamar da, ko ba ya iya miƙa hannu ya ɗauki kofi. Sukari ya haura 600, jini ya yi kauri, mutum ya shiga magagi har ya sume. Bushewar harshe, kunzugun da ke jiƙewa fiye da kullum, da yawan barci su ne gargaɗin farko. Idan na'ura ta rubuta HI maimakon lamba, sukarin ya wuce abin da take iya aunawa, a yawancinsu 600 ne.

Mai nau'i na ɗaya, da duk mai amai ko ciwon ciki ko numfashi mai zurfi da sauri, a gwada masa kiton, wato sinadari mai tsami da ke taruwa idan insulin ya yi ƙaranci, a jini ko fitsari. Kiton ɗin jini da ya kai 3 mmol/L na asibiti ne kai tsaye. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin suna iya shiga wannan hali alhali sukarinsu bai yi wani tsawo ba, kada lambar ta yaudare ka. Mai nau'i na ɗaya kuma ba a tsayar masa da insulin mai dogon aiki don ya ƙi abinci. A kira likita ya daidaita, amma kada a tsallake.

Mataki na shida: kiran likita

Idan takardar mutum ba ta faɗi wata iyaka ta daban ba, shawarar da ADA ta bayar don gidajen jinya abin riƙewa ce. Sukari ƙasa da 70: a yi magani, a kira nan take, ko ƙarfe nawa ne. A kira da wuri, ba tare da jiran ranar zagayen likita ba, idan lambobi suna faɗawa tsakanin 70 da 100. Idan suna zama sama da 250 cikin awa 24. Idan sun haura 300 kwana biyu a jere. Idan na'ura ta nuna HI. Ko idan mutum ba shi da lafiya, yana amai ko ya daina ci da sha. Layin nan na 70 zuwa 100 shi ne wanda aka fi takewa, domin lambobin suna kama da na lafiya. Shi ne kuma layin da dattijuwar nan ta kwana uku a kansa.

Na san abin da ke hana kira. Nauyin tayar da likita da tsakar dare, tsoron a yi maka tsawa, da tunanin cewa ai na riga na gyara. Amma abin da ka gyara lambar ce, maganin da ya jawo ta yana nan a tire, ƙarfe takwas za a sake ba shi. A Amurka ma doka ce: gidajen da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare ko Medicaid, wajibi ne su tuntuɓi likita nan take, su kuma sanar da wakilin mazaunin, idan yanayinsa ya canza sosai.

Kafin ka buga, tara kayanka a gabanka: lambobin kwana uku, jerin magunguna da lokacin da aka ba da na ƙarshe, abin da ya ci, zafin jiki, hawan jini, bugun zuciya, da gwajin ƙoda na baya-bayan nan. Sannan ka faɗi abu huɗu a jere, tsarin da asibitoci ke kira SBAR: me ke faruwa, me ya gabata, me kake gani, me kake nema. Misali:

"Likita, barka da dare, a yi haƙuri da tashin. Nas ce daga gidan tsofaffi, kan Mama da ke ɗaki na 6, shekara 84, nau'i na biyu. Ƙarfe 2:50 sukarinta ya sauka 48, tana gumi, ta rikice amma tana haɗiya. Mun ba ta gulukos sau biyu, yanzu 104 ne, ta dawo hayyacinta. Tana shan glibenclamide da safe, da insulin yunit 14 da dare. Kwana uku ke nan ba ta cin rabin abincinta, sukarin asuba 92, 81, 74. A ganina maganin ya yi mata yawa. Ƙwayar safe a ba ta ko a dakata? Kuma duk bayan awa nawa kuke so mu gwada ta?"

Duk umarnin da ya bayar, ka rubuta, ka karanta masa ya tabbatar, musamman yawan yunit, don 15 da 50 da Turanci a waya ba su da nisa. Saƙon da aka bari a waya ko takardar da aka ajiye a tebur ba sanarwa ba ce sai an amsa. Idan bai ɗauka ba, gida ya kasance da ƙa'ida a rubuce: bayan minti nawa za a sake kira, wane ne na biyu, wane ne na uku. Idan jikin mutum yana ƙara lalacewa, ba a jiran kowa, motar asibiti ake kira. Bayan haka a sanar da iyalinsa.

Mataki na bakwai: rubutu, miƙa aiki, da duban mako

A rubuta lamba a lokacin da aka gan ta, da ainihin lokacin, da ko kafin abinci ne ko bayansa. A rubuta abin da aka yi, lambar da ta biyo baya, wa aka kira, ƙarfe nawa, me ya ce. Lokacin miƙa aiki a faɗa da baki: "Baba na ɗaki na 2 bai ci abincin dare ba, an riga an yi masa insulin, a gwada shi ƙarfe goma sha biyu." Mai raba abinci da mai allura su ma su riƙa magana da juna. Insulin mai saurin aiki da aka yi alhali tiren abinci bai iso ba, ko ya iso ba a ci ba, yana cikin manyan masu faɗar da sukari. Ga wanda cinsa ba shi da tabbas, likita na iya ba da izinin a yi allurar da zarar ya gama ci, gwargwadon abin da ya ci.

Sau ɗaya a mako wani ya zauna da littafin gwaji ya karanta shi daga sama zuwa ƙasa, na asuba duka a layi ɗaya, na yamma a layi ɗaya. A nan ake ganin gangarowar da mai duti ɗaya ba zai gani ba. Gwajin jini na HbA1c ba zai yi maka wannan aiki ba, domin matsakaicin wata biyu zuwa uku yake nunawa, kuma ƙarancin jini ko ciwon ƙoda ko ƙarin jini na iya karkatar da shi. A fi sa ido kan mutum biyu: wanda nauyinsa ke raguwa alhali maganinsa bai canza ba, da wanda ya dawo daga asibiti, don sau da yawa an ƙara masa insulin ne lokacin da cuta ke ɗaga masa sukari, yanzu cutar ta tafi, yawan allurar yana nan.

Ita dattijuwar tamu, da likita ya ga layin asuba na makon, ya dakatar da ƙwayar gaba ɗaya, ya rage insulin ɗin dare, ya rubuta a gaban fayil cewa a kira shi duk ranar da ta sauka ƙasa da 100. Gwajinta ma ya koma sau biyu a rana maimakon huɗu.